Ciwon Sukari Mai Bukatar Allurar Insulin da Illarsa ga Jijiyoyin Jini

Ciwon sukari nau'i na ɗaya yakan bayyana galibi tun lokacin ƙuruciya, sa'ad da jiki ya daina samar da sinadarin insulin. Mai wannan lalura ba ya rayuwa sai da allura kullum. An gano insulin ne a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921.

Babbar ɓarnar cutar tana aukuwa ne a ɓoye, cikin jijiyoyin jini. Bangon kowace jijiya yana da wata siririyar shimfiɗa da ke fitar da sinadaran da ke buɗa jijiyar, su kuma hana jini daskarewa ba gaira ba dalili. Idan sukari ya daɗe da yawa a jini, shimfiɗar takan lalace, sinadaran su ragu.

A nan ne ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda likitoci ke kira filatilet, ke shigowa. Ɓargo ne ke samar da su, suna rayuwa kwana 7 zuwa 10, aikinsu kuwa toshe rauni. A jikin mai ciwon sukari sukan zama masu saurin manne wa juna da bangon da ya lalace, har su haɗa gudan jini inda ba a ji ciwo ba. Idan gudan ya toshe jijiyar zuciya sai a sami bugun zuciya, idan ta ƙwaƙwalwa ce sai shanyewar ɓarin jiki. Lalacewar ƙananan jijiyoyi kuma ita ke taɓa ido da ƙoda da ƙafa.

Wani bincike da aka gudanar a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993 a kan mutum 1,441 ya nuna cewa tsananta kula da sukari ya rage haɗarin lalacewar ido da kashi 76 cikin 100. Da aka ci gaba da bibiyarsu, rahoton 2005 ya nuna cututtukan zuciya da jijiyoyi sun ragu da kashi 42.

Ga mazauna Birnin Kudu da Gwaram, inda noma ne sana'ar akasarin jama'a, ƙafa ce abin lura na farko. Ƙaya ko sarar fartanya kan zama gyambon da ya ƙi warkewa, mai shi bai ma ji zafi ba, shi ya sa ake hana shiga gona babu takalmi. Zafin bazara yana rage ƙarfin insulin. Wanda ba shi da firji zai iya rufe kwalbar a leda ya ajiye ta cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa.

Ana duba ido da gwajin fitsari sau ɗaya a shekara, tun daga shekara 5 da gano cutar. Kada a sha asfirin don tsinka jini sai da izinin likita, domin yana iya jawo zubar jini a ciki. Ana kira ga hakimai da dagatai da ma'aikatan lafiya su gaggauta tura duk mai gyambo ko dushewar gani zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.