Alkama a Ƙasar Hatsi: Nazari kan Ciwon Silyak a Damargu

Damargu ƙasar hatsi ce. Tun kafin zuwan Faransawa ayarin raƙuma ke gangarowa daga Abzin su yi lodin gero a nan. Har yau, duk da farin da ya rage albarkar gonaki tun shekarun 1970, cimar gida a ƙauyukan Tanut da Belbeji ba ta wuce fura da tuwo da kunu ba, sai wake da nono. Babu ɗaya a cikinsu da ke ɗauke da gulutin, wato furotin ɗin alkama da sha'ir da ke sa kwaɓin burodi ya yi danƙo. To me ya kawo zancen ciwon alkama a irin wannan ƙasa? Hanyar mota ce ta kawo shi. Titin Damagaram zuwa Agadas ya ratsa Tanut, kuma ta kansa taliya da garin alkama ke shigowa, wasu daga Aljeriya, wasu daga kudu. Burodin mai shayi, fanke, biskit ɗin da ake lallashin yaro da shi, duk sun zama abincin yau da kullum a gari. In hatsi ya yi tsada gab da damina, ƙullin taliya kan ciyar da gida.

A zancen ciwon alkama, abubuwa uku ne ake cakuɗawa. Akwai borin jini, wanda ke tashi cikin mintoci ko sa'o'i bayan cin alkama, da ƙaiƙayi ko kumburi. Akwai mutanen da alkama ke kumbura musu ciki amma gwaji bai nuna lahani a hanjinsu ba. Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne ciwon silyak. Ga mai wannan ciwo, gulutin na shiga ciki sai garkuwar jiki ta juya ta afka wa bangon ƙaramin hanji. Bangon nan yana da 'yan tsirai birjik kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci, ciwon kuwa yana shafe su. Sai mutum ya ci ya ƙoshi amma jiki bai samu ba: zawo mai daɗewa, ciki ya yi tulele, cinyoyi su tsotse, jini ya yi ƙaranci ko ana shan maganin ƙarin jini, yaro ya ƙi tsawo. Wani babban ma ba ya zawo, sai kasala da ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwa da gwiwar hannu.

Yunwa ce ta taimaka aka tabbatar da sanadin. Likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, ya daɗe yana zargin alkama. A hunturun 1944 zuwa 1945, da yaƙi ya yanke burodi, ya ga yaransa marasa lafiya sun samu sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwon ya dawo. Daga nan aka daɗe ana ɗaukar silyak ciwon Turawa, har 1999, lokacin da Carlo Catassi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin yaran Sahrawi kusan dubu a sansanonin gudun hijira na Tinduf, cikin Aljeriya. Kashi 5.6 cikin ɗari aka samu da alamar ciwon a jini, alhali a duniya abin bai cika wuce kashi ɗaya da ɗoriya ba. Dalilai biyu suka haɗu. Ƙwayar gadon da ake kira HLA-DQ2, wadda ita ko 'yar'uwarta DQ8 kusan duk mai silyak ke ɗauke da ita, ta yawaita a cikinsu. Sannan garin alkama na agaji ya mamaye cimar mutanen da kakanninsu makiyaya ne.

Bai dace a ɗauki lissafin Tinduf a ɗora wa Tanut ba. Binciken da aka wallafa a 2002 tsakanin Mosawa na Burkina Faso bai samu ko mutum ɗaya mai alamar ciwon ba. A Damargu kuwa, Hausawa, Barebari, Fulani, Abzinawa da Larabawa sun daɗe suna zaune tare suna auratayya. A ganina darasin Tinduf bai wuce wannan ba, cewa gado na iya kwanciya shiru shekaru aru-aru, sai sauyin cima ya tashe shi.

Babbar wahalar a nan ita ce ganewa. A yaro, ciwon yakan bayyana watanni bayan an fara ba shi alkama, galibi kafin ya cika shekara biyu, daidai lokacin da zawo da rama ke da masu ɗaukar laifi da yawa. Kaka za ta ce haƙori ne, maƙwabciya ta ce gwanne aka yi masa, ma'aikacin lafiya ya auna damtse ya rubuta tamowa. Sau da yawa ma'aikacin ne ke da gaskiya, domin yunwa da tsutsar ciki da gurɓataccen ruwa sun fi silyak yawa nesa ba kusa ba. Amma akwai wani tarko. Madarar F-75 da F-100, da kwaɓin gyaɗar nan na Plumpy'Nut da ake bai wa masu tamowa, babu alkama a cikinsu. Yaro mai silyak zai murmure a cibiyar kula da tamowa ba tare da kowa ya san dalili ba, a sallame shi, ya koma kan burodi da shayi, bayan 'yan watanni a sake kawo shi. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne irin wannan mai zuwa da dawowa, musamman ɗan gidan da ba a rasa abinci ba, wanda yayyensa ke cikin ƙoshin lafiya. Tambayar da za ta buɗe hanya ba ta cin ko dala: me yake ci da safe, kuma tun yaushe?

Tabbatarwa sai da gwajin jini na tTG-IgA, sau da yawa kuma a zura na'ura ta baki a ciro ɗan tsokar hanji a duba. Wannan aikin manyan asibitoci ne, kuma daga Tanut zuwa Damagaram kaɗai kusan kilomita 150 ne. Sai dai a kiyaye da tsarin abin: duk wanda ya bar alkama kafin gwaji, jininsa na iya fitowa fes alhali ciwon na nan. Gwaji ne farko, ƙaurace wa alkama daga baya.

Magani ɗaya ne, barin gulutin har ƙarshen rayuwa, kuma a nan mutumin Damargu ya fi Bature sa'a. Wancan sai ya nemi burodi na musamman mai tsada, wannan kuwa gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, wake, gyaɗa, nama da nono duk nasa ne. Inda gizo ke saƙa shi ne alkamar da ba a gani. Ƙa'idar abinci ta duniya, wato Codex, ta ce abinci ba ya amsa sunan marar gulutin sai bai wuce miligram 20 a kilo ba, kuma an nuna miligram 50 a kullum ya isa ya lahanta hanji. Masu ɗanwake da yawa yanzu suna haɗa fulawa, wasu masu waina ma haka. Man da aka soya fanke a ciki shi ake jefa ƙosai. Injin da ya niƙa alkamar alkaki ana gobe biki shi zai niƙa geron kunun yaro, don haka gidan mai silyak gara su koma turmi, ko su ware rariya da ƙwaryarsu. Dunƙulen miya na kanti sai an karanta jikin takardarsa. Daddawa ta fi kwanciyar hankali.

Sauran wahalar ta zaman jama'a ce. A inda ake haɗa hannu a akushi ɗaya, wanda ya ture funkaso a gidan suna sai a ce girman kai ne, yarinyar da ta ƙi alkakin gara a ce iyayi. Shi ya sa bayanin likita bai kamata ya tsaya kan uwa kaɗai ba. A kira maigida mai cefane da kakar da ke ɗanɗana wa jika duk abin da ke hannunta, a kuma shawarce su a gwada iyaye da 'yan'uwan ciki ɗaya, tunda kusan ɗaya cikin goma na makusantan mai silyak kan kasance da shi.