Briqueterie da Nkomkana: zaman unguwa a wurin Hausawan Yawunde

Briqueterie unguwa ce a gunduma ta biyu ta birnin Yawunde, fadar gwamnatin Kamaru, kuma ita ce tsohuwar matattarar Hausawa da sauran Musulmin birnin. Sunan kalmar Faransanci ce mai nufin wurin yin bulo, saboda masana'antar jan bulo da aka yi a can zamanin Jamusawa. Ewondo, 'yan asalin garin, suna kiran yankin Ekoudou, matasa kuwa sun taƙaita sunan zuwa "Brique". Tana maƙwabtaka da kasuwar Mokolo da Tsinga da Warda. Nkomkana tana cikin gundumar ɗaya, can wajen Tsinga, kuma tana daga cikin unguwannin da iyalai suka bazu cikinsu da Briqueterie ta cika.

Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a 1889, ba da daɗewa ba fatake suka fara gangarowa daga Adamawa ta hanyar Tibati da Yoko, suna neman hauren giwa da roba da goro. Zangonsu na farko yana kusa da tsakiyar gari. A shekarun 1930 ne Turawan Faransa suka mayar da su inda suke yanzu.

Abin da baƙo daga Kano ko Maraɗi zai fara lura da shi shi ne yadda kalmar "Haoussa" take da faɗi a kudancin Kamaru. Duk mai doguwar riga da hula yana sallah, Bahaushe ne a bakin mutanen kudu, ko da Bafulatani ne daga Garwa, ko Babarbare, ko ɗan Bamun daga Foumban, ko ɗan Mali. A cikin unguwar kuwa kowa ya san asalin kowa, kuma manyan ƙabilu suna da shugabanninsu da ake kai wa ƙarar rikicin aure ko gado kafin a je gaban hukuma. Hausar da ake yi cike take da Faransanci: mutum zai ce zai je marché, ya biya loyer, ya hau moto. Yara da yawa da aka haifa a nan, kakanninsu ma a nan aka haife su, ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba.

Rana tana farawa da kiran assalatu. Kafin ƙarfe bakwai masu shayi sun kafa tebur, mata sun fito da ƙosai da kunu da masa, yara sun kama hanyar makarantar boko, da yamma kuma ta allo. Babban titin unguwar shagunan atamfa da shadda ne jere da juna, ga teloli da masu aikin surfani, kuma matan Yawunde Kiristoci ma nan suke zuwa sayen zanen biki. Ranar Juma'a sahu yakan fito daga babban masallacin Briqueterie har kan titi. Wasu kuma su nufi masallacin Tsinga, wanda Saudiyya ta gina a shekarun 1990.

Sai dai abin da ya fi fitar da sunan unguwar shi ne nama. Tsire a nan "soya" ake ce masa, kuma akwai wurin da mutanen gari suka laƙaba wa "Ministère du soya", wato ma'aikatar tsire, inda ma'aikata da 'yan makaranta suke cika da magariba. Ana cin sa da yaji da albasa, a haɗa da gasasshiyar ayaba ko bobolo, ƙullin rogon mutanen kudu, abin da mai tsiren Katsina zai yi mamakinsa. Yawancin shanun daga arewa suke zuwa, a mota ko a jirgin ƙasan da ya isa Ngaoundéré tun 1974. Kilishi kuwa shi ne tsarabar matafiyi.

Suna da ɗaurin aure da zaman makoki duk a ƙofar gida ake yi, a shimfiɗa tabarmi a tare layi, maƙwabta kuma su haƙura. Mata suna riƙe da adashi, wanda a nan aka fi sani da tontine, da shi ake haɗa kayan ɗaki da kuɗin makaranta. Da azumi unguwar kusan ba ta barci.

Matsalar da ta fi damun mazauna ita ce muhalli. Gidaje a cunkushe suke, lungu sai mutum ɗaya, kuma da yake Yawunde tana da damina biyu a shekara, gidajen da ke gangare kusa da rafi suna shan ambaliya. Iyalai da dama sun gaji gida ba tare da takardar mallakar fili ba. Zamanin da Gilbert Tsimi Evouna yake shugabantar hukumar birnin an yi rusau a unguwanni da yawa, ya kuma taɓa gefen Briqueterie, kusa da zauren wasannin Warda da Sinawa suka gina aka buɗe a 2009. Filin yana tsakiyar gari, kowa ya san darajarsa, don haka maganar sake tsara unguwar ba ta taɓa mutuwa ba.

Akwai kuma batun takardu. Tun da rikicin Boko Haram ya shiga arewacin Kamaru a 2014, binciken katin shaida ya ƙaru, kuma wanda aka haifa a gida ba a yi masa takardar haihuwa ba yakan sha wahala kafin ya tabbatar shi ɗan ƙasa ne. Baƙo daga Najeriya ko Nijar da ya sauka a Briqueterie ko Nkomkana, abin da mai masauƙinsa zai fara tambayarsa bayan gaisuwa shi ne ko takardunsa suna jikinsa.