Alhaji Aƙilu Aliyu: Mawaƙi Kuma Malamin Mawaƙa

Idan ana maganar rubutacciyar waƙar Hausa ta ƙarni na 20, da wuya a ƙirga mutum uku ba a ambaci Alhaji Aƙilu Aliyu ba. An haife shi a Jega a 1918, ya tashi da karatun allo, ya zo Kano neman ilimi. Daga nan ya wuce Barno, ya yi shekaru masu yawa a Maiduguri yana karantar da almajirai, kafin ya dawo Kano, inda ya zauna har Allah ya yi masa rasuwa a 1999.

Zamanin siyasar farko ya same shi a NEPU, ya kuwa yi mata waƙoƙi masu zafi. Amma mu marubuta, abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda yake sarrafa harshe. Aƙilu kan ɗauki amsa-amo mai wuyar sha'ani ya bi shi baiti bayan baiti bai gaza ba, yana tono kalmomin da Bahaushen birni ya daɗe da mantawa. A "Hausa Mai Ban Haushi" ya caccaki 'yan bokon da ke raina harshensu suna cakuɗa shi da Turanci. Ciwon kuwa har yau bai warke ba, ko a rubuce-rubucen wasu daga cikinmu. "'Yar Gagara" kuma zambo ce ga karuwa, mai cike da habaici da wasa da kalmomi. Wasu kan yi ƙorafin cewa Hausarsa ta yi tsauri, sai da ƙamus. A ganinmu laifin na mai karatu ne.

Ba kansa kaɗai ya gina ba. Ya shugabanci ƙungiyar Hausa Fasaha a Kano, inda masu tasowa ke kawo waƙa a saurara, a gyara musu kari da amsa-amo. Jami'ar Bayero ma ta jawo shi Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, ɗalibai da malamai suka riƙa kwasar ilimi a wurin mutumin da bai bi ta ajin jami'a ba.

A 1977 kamfanin NNPC na Zariya ya buga Fasaha Aƙiliya, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tsara, shi ne kuma ya yi digirinsa na uku a Landan a kan waƙoƙin Aƙilu. Littafin ɗan tsakure ne kawai. Waƙoƙinsa da dama sun tsaya a kaset da takardun hannu, kuma kaset ba ya jiran kowa.