Asalin Kalma: Yunifom

Daga Turanci muka aro kalmar, amma saiwarta tana cikin Latin: unus, wato ɗaya, da forma, wato siffa. Siffa ɗaya ke nan. A bakin wasu takan koma "inifom", iyaye da yawa kuma "kayan makaranta" kawai suke cewa. Na soja kuwa kaki ne.

Ma'anar nan tana burge ni ƙwarai. Dubi yara a layi da safe: ɗan attajiri da ɗan mai faci duk fari da shuɗi, ba mai yi wa wani gori. Uwa ta wanke da yamma ta shanya a igiya, gobe a saka. Wa ya girma, ƙane ya gada.

Masu makarantu, don Allah ku bar iyaye su kai wa telansu ɗinki, kada yunifom ya zama haja.