Ranar Bugu a Gidan Gaskiya da Abin da Ta Yi wa Rubutun Hausa

Waɗanda suka yi rubutu a kan tarihin Gaskiya Ta Fi Kwabo galibinsu sun fi mai da hankali ga manyan mutane da siyasa, watau Dokta Rupert East, da Malam Abubakar Imam, da irin gardandamin da aka yi cikin shafunanta kafin mulkin kai. Wannan daidai ne, amma akwai wani ɓangare da ake tsallakewa, shi ne aikin hannu na ranar da za a kai jarida ga inji. A ganinmu, a irin wannan rana aka yanke yawancin hukunce-hukuncen da suka mai da rubutun boko yadda muka gaje shi.

Jaridar ta fara fitowa a Zariya cikin Janairu 1939, sau ɗaya a wata, kuɗinta kwabo. Kafin ita an yi Jaridar Nijeriya Ta Arewa tun 1932, da Turanci da Hausa da Larabci, amma ba ta shiga jama'a sosai ba. Cikin 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada, inda ofishin edita da maɗaba'a suka zauna wuri guda. Zariya ba ta kai Kano yawan jama'a ba, balle Ikko, sai dai mahaɗar jiragen ƙasa ce: hanyar Ikko zuwa Kano ta ratsa ta, ƙaramin jirgin Jos daga nan yake tashi har aka daina shi cikin 1957, ga kuma hanyar Gusau da Ƙaurar Namoda. Jaridar da ba ta riski jirgi ba kuwa sai ta kwana, labarinta ya tsufa. Wannan shi ne bulalar da ke bayan kowane ma'aikaci.

Aikin farko fassara ce. Labarin duniya da Turanci yake zuwa, kuma shekarun farko na jaridar sun faɗo cikin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake ta jin kayan yaƙi da sunayen ƙasashen da Bahaushe bai taɓa bukatar ambatonsu ba. Mai fassara ba shi da kwamitin da zai jira. Ko dai ya ari kalmar ya lanƙwasa ta ta dace da bakin Hausa, ko ya siffanta abin da kalmomin gida, kuma dole ya zaɓa kafin rana ta karkata. Abin da ya zaɓa, in masu karatu suka karɓa, ya zauna ke nan. Hukumar Harshen Hausa ba a kafa ta ba sai 1955, bayan jaridar ta shekara 16 tana wannan aiki. Da hukumar ta zo, ta tarad da gona an riga an yi mata sharar fari.

Sa'an nan sai wasiƙu, kuma nan ne muke so malamai su tsaya su duba da kyau. Masu karatu suna rubutowa daga larduna, malaman makaranta da akawunan En'e da 'yan kasuwa da soja, kowa da Hausar garinsu da irin rubutun da ya koya. Basakkwace zai rubuta “shina zuwa” da “sunka zo” da “hwara”, inda Bakano zai ce “yana zuwa” da “suka zo” da “fara”. Wani ya haɗe kalmomi, wani ya raba su inda bai kamata ba. To, wasiƙa ba ta isa shafi sai ta bi ta hannun edita, ya rage tsawonta don ta shiga gurbin da ya rage, ya daidaita rubutunta bisa ƙa'idar da aka kafa a kan Hausar Kano. Amfanin wannan a fili yake, gama mai karatu a Yola da na Birnin Kabi sun riƙa ganin rubutu iri ɗaya, har idonsu ya saba. Amma fa akwai hasara. Ɗalibin da ya ɗauko tsohuwar Gaskiya ya ga wasiƙa daga Gwandu, ya ce ga shaidar yadda Gwandawa ke magana a 1940, ya yi ganganci. Abin da ke gabansa maganar mutum biyu ce, ta mai wasiƙa da ta wanda ya gyara, kuma bugu ba ya nuna inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya ɗora. Haka nan masanin tarihi ya tuna jaridar ta gwamnati ce, edita kuwa yana tsakanin Turawan mulki da sarakuna, saboda haka ƙarar da aka buga a kan wani hakimi ita ce wadda aka ga za a iya bugawa.

Daga teburin edita sai ɗakin jera baƙaƙe. Bugun wancan zamani na dalma ne, kowane harafi a juye yake, mai jerawa yana karanta shi kamar a madubi. A haka b da d suna rikiɗa wa ido ko a Turanci, balle an ƙaro ɓ da ɗ. Waɗannan haruffa masu lanƙwasa, da ƙ, sababbi ne a lokacin, don cikin shekarun 1930 suka maye gurbin ɗigo da ɗan waƙafin da ake sa wa harafi a dā, kuma ba sa cikin kayan bugun Turanci, sai an zubo su musamman. In aka buga gwaji, mai duba kuskure zai bi shi layi layi da alƙalami, yana sane cewa lanƙwasa ce kawai ta raba baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da daidai da ɗaiɗai. Littafi yana iya jiran gwaji na uku, jarida ba ta jira. Duk da haka ita ta koya wa dubban mutane siffar haruffan nan, domin ta shiga inda littafi bai shiga ba, kuma kwafi guda yakan zaga hannu da yawa, a karanta shi da ƙarfi a zaure ko a tsakar kasuwa don marasa karatu.

Da aka kafa hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959 a zamanin Yaƙi da Jahilci, sai aikin ya ninka. An fito da ƙananan jaridun larduna, irin su Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Zumunta ta Bauci, da Bazazzaga ta Zazzau, don waɗanda suka gama ajin yamma su sami abin karantawa kada karatun ya zube. Su ne jaridun gari na ainihi, masu labarin kasuwa da rijiya da naɗin dagaci. Takardarsu mai araha ce, ba a kuwa yi su don ajiya ba, sai gara da damina suka cinye mafi yawa. Malamin kwalejin horon malamai da ya ci karo da ko da fallen ɗaya a tsohon sito ko cikin adakar wani dattijo, ya kamata ya rubuta sunan jaridar da kwanan watanta da inda ya same ta, kāna ya miƙa ta ga ma'ajiyar tarihi ta Kaduna ko Gidan Arewa.