Daga Allon Zayyana Zuwa Bodin Mota

Sana'armu ta zane a Kano tushe biyu gare ta. Na farko shi ne zayyana. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, idan yaro ya sauke Alƙur'ani akan kai allonsa wurin mai zayyana, ya ƙawata shi da ja da rawaya da kore, ya bar fili inda za a rubuta Fatiha da farkon Baƙara. Ba mutum, ba dabba, sai layuka da ke saƙa juna. Duk da haka, uban da ya riƙe allon nan ranar walima ya san abin da yake faɗa masa: wahalar shekaru ba ta tafi a banza ba.

Tushe na biyu jirgin ƙasa ya biyo, wanda ya iso Kano a 1911. Bayan an kafa Sabon Gari a 1913 domin baƙi daga Kudu, sai shaguna suka buƙaci alluna, fentin gwangwani da buroshi suka samu kasuwa. Da aka buɗe silimar Rex a 1937, daga baya kuma Plaza a Fagge, yara suka riƙa tsayawa gaban fastocin finafinai suna koyon yadda ake fitar da fuska, da yadda inuwa ke sa ido ya yi magana.

A Fagge, tsohon zangon fatake, aka haɗa biyun. Direba zai kawo mota mai bodin katako ya ce, "Malam, a sa min zaki, a sa dabino, a rubuta Allah ya kiyaye hanya." Zakin ƙarfin zuciya ne ga mai kwana a daji. Dabino da koriyar ƙubba begen Madina ne ga wanda bai samu zuwa ba. Gefen bodin kuwa, da salon zayyana muke zagaye shi.

Bayan Shehu Ibrahim Inyass ya haɗu da Sarki Abdullahi Bayero a hajjin 1937, Faila, wato tafarkin Shehun, ta bunƙasa a Kano, muridai suka fara neman hoton shehinsu. Maigidana a sana'a ba ya taɓa irin wannan aiki sai da alwala, ido kuma shi ne na ƙarshe da yake sa wa fenti. Malamai da yawa sun tsawatar kan zanen abu mai rai, wasunmu suka koma ga rubutu da furanni da masallatai, zuciyarsu ta natsu a kan haka.

Yau injin buga bana ya kwashe mafi yawan aikin, sitika ta mamaye bayan adaidaita sahu. Inji ya fi mu sauri da araha. Abin da ba ya yi shi ne zama da mutum ya ji tsoronsa da burinsa kafin a zaɓi launi. Wannan sauraron ne nake roƙon matasanmu su koya tun dattawan da suka iya shi suna da rai.