Mallakar mota a yammacin Kano: Saye, gyara, inshora da musaya

Ga malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da aka tura Dugabau, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kabo, mota ba kayan alatu ba ce. Haka take ga ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin mako a ƙasar Gwarzo da Karaye. Sai dai kusan duk abin da ya shafi motar yana cikin birnin Kano: dillalai, kayan gyara, manyan garejoji da ofisoshin kamfanonin inshora. Kuskure ɗaya a wajen ciniki na nufin zirga-zirga a kan titin Gwarzo, ta Rimin Gado da Janguza da Rijiyar Zaki, sau da yawa a motar haya, ita kuwa wadda aka saya tana ajiye a ƙarƙashin bishiya.

Tsadar wannan kuskure ta ninka tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma zarce 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Yunin 2023 aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da hukuma ke sayarwa kusan Naira 460 ta wuce 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Da yake kusan kowace mota da kowane ƙarfen gyara da dala ake shigo da su, mutane da dama sun haƙura da motar Beljiyam, sun koma neman 'yar gida.

Beljiyam da 'yar gida

A bakin 'yan kasuwa, Beljiyam ko tokumbo ita ce motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje amma ba a taɓa yi mata rajista a Najeriya ba, ko da daga Amurka ko Kanada ta fito. Sunan ya samo asali ne daga zamanin da tashar jiragen ruwa ta Antwerp ke kan gaba wajen lodin tsofaffin motocin Turai zuwa Afirka ta Yamma. 'Yar gida kuwa ita ce wadda ta riga ta sha titin Najeriya. Sabuwa fil sai gwamnati da manyan kamfanoni, saɓanin shekarun da suka biyo bayan 1975, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, har matsakaicin ma'aikaci kan iya fitar da 504 da rancen ofis.

Shekaru da yawa hanyar da ta fi ciyar da kasuwar Kano ita ce ta Kwatano, inda ake sauke motoci a bi da su ta Jamhuriyar Nijar, musamman Maraɗi, su shigo ta iyakokin Katsina da Jigawa. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shigo da motoci ta kan tudu. Haramcin bai tsayar da shigowar ba. Abin da ya ƙaru shi ne yawan motocin da ke yawo da takardun kwastan na jabu, ko waɗanda aka biya musu kuɗin fito ƙasa da ƙima ta hanyar rage shekarun motar a takarda.

Nan ne babban ramin da mai saye ke faɗawa. Bashin kuɗin fito yana bin motar ne duk inda ta shiga, ba wanda ya shigo da ita ba. Jami'an kwastan na iya tsare ta a hanya ko da ta sauya hannu sau uku, kuma cewa "haka na saye ta" ba ya fitar da kowa. A 2022 hukumar ta fara ƙiyasta kuɗin fito ta amfani da lambar shasi, a 2024 kuma ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu motocin da ba a biya musu daidai ba su je su cike. Mai hankali kan kai kwafin takardar ofishin kwastan na shiyyar Kano da Jigawa a tantance masa kafin ya biya ko da kafin alƙalami. Dillalin da ya ƙi ba da kwafi ya riga ya amsa tambayar.

Lambar shasi ita ce shaidar da ta fi wuyar murɗawa. Tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta. Ana ganin ta a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa, kuma wajibi ne ta yi daidai da wadda ke kan kowace takarda. A motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka, gurbi na goma yana nuna shekarar samfuri: 5 na nufin 2005, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B kuma 2011. Wannan kaɗai kan tona asirin motar da aka sauya wa fitilu da bamba don ta yi kama da ta baya-bayan nan. Da lambar ce kuma ake binciko tarihin motar a rumbunan bayanai irin su Carfax, domin kaso mai yawa na motocin Amurka da ke zuwa nan daga gwanjon Copart da IAA suke, inda kamfanonin inshora ke zubar da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye. Wadda ta yi haɗari tana gyaruwa idan shasin bai karkace ba. Wadda ruwa ya shiga kuwa ciwonta a wayoyi yake, kuma yakan bayyana ne bayan watanni, lokacin da dillali ya daɗe da cin la'adarsa.

Agogon tafiya ba abin dogaro ba ne, domin mayar da shi baya aikin mintuna ne. A tuna kuma cewa na motocin Amurka da mil yake ƙirga, mil 100,000 kuwa kusan kilomita 160,000 ne. Laushin sitiyari da cinyewar robar birki da kujerar direba sun fi agogo faɗin gaskiya. Akwai kuma batun motar da aka juya wa sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, saboda haka motocin Ingila da Japan masu sitiyari a dama ba su dace da titunanta ba, kuma juyin da ake yi musu a gareji yakan taɓa birki da wayoyi.

Gareji da kayan gyara

Hanyoyin karkara na yammacin Kano ƙafar mota suke ci, musamman da damina: shokozoba, boljoyin, tayarod da bushin. Wannan ne dalilin da ya sa Golf da Sharon da tsofaffin Corolla da Peugeot 406 suka daɗe suna riƙe da hanyar. Ba don sun fi kyau ba, sai don kowane bakanike ya san cikinsu kuma kayansu na nan a Ƙofar Ruwa. Motar da sai an aika Ladipo a Legas kafin a samo mata firikwensin inji ba ta dace da mai zama a Dugabau ba, komai arhar da aka yi masa.

Kayan gyara iri uku ne a kasuwa: sabo na asali, sabo na kwaikwayo, da na Beljiyam da aka ciro daga wata motar. A inji da giya na Beljiyam yakan fi sabon kwaikwayo ƙarko, amma a birki da bel da taya tsohon kaya kasada ce da rai. Kowace taya na ɗauke da alƙaluma huɗu a gefenta da ke nuna mako da shekarar ƙira. 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ɗaukar tayar da ta shekara huɗu a matsayin wadda wa'adinta ya cika, ko da zanenta bai goge ba.

Wasu al'adun gareji sun zama jiki har ana ɗaukar su ilimi. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, da sunan wai motar ta ƙasar sanyi ce, yana sa inji ya riƙa aiki ƙasa da zafin da aka tsara masa, ya ƙara shan mai. Zuba ruwan rijiya zalla a lagireto yana haifar da tsatsa. Kaurin baƙin mai ba shi ne ingancinsa ba. Injinan zamani siririn mai suke so, kuma lambarsa na rubuce a littafin motar ko a murfin inji. Sai kuma abin da kanikawa ke kira indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su falatinam, shi ya sa ake sace ta ko a rarrashi mai mota ya sayar. Motar da aka cire wa ita takan kunna fitilar gargaɗin inji, wasu masu sayarwa kuma sai su kashe fitilar gaba ɗaya. Idan aka murɗa makulli ba a tayar da inji ba, ya kamata fitilar ta kama tare da sauran; in ba ta kama ba, an taɓa ta.

Inshora: takardar da aka fi raina wa

Inshorar ɓangare na uku wajibi ce tun zamanin mulkin mallaka, ƙarƙashin dokar 1945. Dokar Inshora ta 2003 ta tanadi tarar Naira 250,000 ko ɗaurin shekara guda ga wanda ya hau titi babu ita, sabuwar dokar gyaran harkar inshora da aka sa wa hannu a Agustan 2025 kuma ta bar wajabcin yadda yake. Rundunar 'yan sanda ta fara tsaurara binciken takardar a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025.

Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar ta ɗaga kuɗin motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata wa wani daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babur 3,000 ne, mai ƙafa uku 5,000, babbar motar dakon kaya 100,000. Cikakkiyar inshora, wadda ke biyan asarar motar mai ita ta haɗari ko gobara ko sata, ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Mai motar Naira miliyan 8 zai biya aƙalla 400,000.

Abin da inshorar ɓangare na uku ke biya shi ne ɓarnar da mai mota ya yi wa wani: rauni, rasa rai, ko lalata dukiya. Ba ta gyara motar mai ita. Rashin fahimtar wannan ne ya sa da yawa ke ganin ta haraji ce kawai, su miƙa kuɗi ga ɗan kamasho a bakin ofishin lasisi ya haɗo musu da sauran takardu. Takardar da aka samu a ƙasa da farashin hukuma kusan tabbas ta bogi ce. Tantancewa kuwa ba ta da wuya: ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya na da rumbun bayanai mai suna NIID, ana shigar da lambar mota a shafin askniid.org ko a danna *565*11# a waya. In sunan motar bai fito ba, babu kamfanin da zai saurari mai ita ranar da ya buge Hilux ɗin wani a Kabuga.

Ko takardar ta gaskiya ce, akwai abubuwan da ke warware ta. Ma'aikacin da ya yi inshorar motar gida, sannan ya riƙa ɗaukar fasinja daga Rijiyar Zaki zuwa Gwarzo don rage kuɗin mai, ya fita daga sharaɗin, domin haya tana da nata rukunin. Haka idan wanda ke tuƙi ba shi da lasisi mai aiki. Al'adar sulhu a bakin titi, inda dattawa ke taruwa a yanke abin da mai laifi zai biya, tana da kyawunta, amma kamfani ba ya mayar da kuɗin da aka biya ba da saninsa ba. Abin da yake nema shi ne a sanar da shi da wuri, a ɗauki hotuna, a samo rahoton 'yan sanda da ƙiyasin gyara. Idan ya yi taurin kai, NAICOM na da sashen karɓar ƙorafi.

Masu ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da garari suna da mafita. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful kuma suna ba da takardar da doka ta amince da ita. A tsarin, abin da aka biya gudummawa ce ga asusun taimakon juna ƙarƙashin kulawar malaman shari'a, kuma idan an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba.

Musaya da ciko

Ba da tsohuwa a karɓi wata tare da ciko ya yawaita tun da kuɗi a hannu ya yi wuya. Sauƙinsa a fili yake, amma dillali na cin riba ta fuska biyu: ya karya farashin wadda aka kawo, ya ɗaga na wadda za a ɗauka. Hanyar gane gaskiyar cikon ita ce a nemi tayin kowace mota daban, kamar da tsabar kuɗi za a yi cinikin, daga bakin dillalai biyu ko uku.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne abin da ke biyo bayan sallamawa. Muddin ba a yi canjin mallaka a ofishin lasisi ba, sunan tsohon mai ita ne ke kan rajista, kuma ƙofarsa za a ƙwanƙwasa idan aka yi ɓarna ko aika-aika da motar a wata jiha. Yarjejeniyar ciniki a rubuce, mai ɗauke da lambar shasi da ta inji, da kwanan wata, da hoto da shaidar ɗan ƙasa ta mai saye, da sa hannun shaidu biyu, ita ce kariyarsa. Inshora ma ba ta bin mota zuwa sabon hannu, domin yarjejeniya ce tsakanin kamfani da mutum. Wanda ya karɓi mota yau a Kano, ko da takardar tsohon mai ita na da sauran wata takwas, sai ya yanki tasa kafin ya kama hanyar Kabo.